Kanar Bogi da Tsuntsayensa: Raha a Cikin Isɗilahin Wasan Golf

A cikin shekarar 1457 ta Miladiyya, a zamanin Sarki James na Biyu, majalisar ƙasar Sikotlan ta zartar da doka wadda ta haramta wa jama'a wasanni biyu, ƙwallon ƙafa da golf, bisa hujjar cewa samari sun shagala da su har sun yi watsi da koyon harbin baka, alhali ga Ingila a maƙwabtaka, ba wanda ya san ranar da za ta ɗaura yaƙi. Aka sabunta dokar a 1471, aka sake nanata ta a 1491, duk wanda ya san sha'anin mulki kuwa ya san ba a maimaita doka har sau uku sai in ba a bin ta. Ba a daɗe ba, a 1502, sai ga Sarki James na Huɗu, wanda a zamaninsa aka yi nanatawar ƙarshe, ya aika an sayo masa sandunan wasan, aka kuma rubuta kuɗinsu a littafin baitulmali. Wasan da tarihinsa ya faro da irin wannan tufka da warwara, ba abin mamaki ba ne a tarar da harshen ma'abotansa cike da ba'a da shaguɓe, har wanda bai taɓa riƙa sandar ba ma ya sami abin dariya a cikin sunayen da suka laƙaba wa al'amuransu.

Da yake da yawa daga cikin masu karatu ba su san wani Golf ba sai motar nan da ake lodin fasinja da ita a tasha, ya kamata a fara da bayanin wasan a taƙaice. Mutum ne zai ɗauki 'yar ƙwallo fara mai tauri, wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, ya buge ta da sanda, ya bi ta, ya sake bugunta daga inda ta faɗi, har ya shigar da ita wani rami mai faɗin milimita 108 da aka kafa wa tuta. Ya yi haka a ramuka 18 waɗanda aka warwatsa cikin fili mai tafiyar kilomita shida ko fiye, filin da aka cika da gangan da tafkuna da ramukan yashi da duhuwar ciyawa. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu kuma shi ne gwani. Babu mai tsaron gida, babu abokin hamayya da zai sa masa ƙafa, ƙwallon tana ajiye shiru tana jiransa, jama'a ma sukan yi tsit idan zai buga. Saboda haka in ya kuskure, kuma lalle zai kuskure, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai kansa. A ganina nan ne mabuɗin dukan al'amarin yake: wasa ne mai kunyata mutum a gaban tsaransa, galibi kuma mutumin babba ne, mai muƙami ko dukiya, wanda bai saba da a ga kasawarsa ba. An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, su kuwa nasu haukan a cikin luga suka zuba shi.

Tushen lissafinsu wata kalma ce da suke kira far, wadda asalinta Latin ne, ma'anarta daidai wa daida, ta kuma shigo filin wasa ne daga bakin 'yan kasuwar hannun jari, inda ake faɗinta ga takardar da farashinta bai hau ba bai sauka ba. A wajen 'yan golf, far shi ne adadin bugun da ake kyautata zaton ƙwararre zai yi a kowane rami, uku a gajere, huɗu a matsakaici, biyar a dogo, jimlarsu kuma a ramuka 18 takan kama 70 zuwa 72. Rahar da ke cikin wannan kalma ɗaya ce tak: mafi rinjayen masu wasan za su rayu har su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa kai wannan jimla ba, amma da ita ake auna su kullum.

Inda labari ya yi armashi shi ne wajen bogi, kada kuma mai karatu ya rikita shi da bogin da muka sani na jabun takardu, ko da yake, kamar yadda za a gani nan gaba, ba a rasa jabu a filin golf. Wajen shekarar 1890, wani mai suna Hugh Rotherham, sakataren kulob ɗin birnin Coventry a Ingila, ya kawo shawarar a tsayar wa kowane rami adadin bugun da ɗan wasa nagari zai yi, domin mutum ya riƙa gwada kansa da wannan adadi ko da babu abokin karawa. Shawarar ta isa kulob ɗin Great Yarmouth a daidai lokacin da wata waƙa ke tashe a gidajen wasan Landan a kan wani dodo da ake tsorata yara da shi, wanda ba a iya kama shi, sunansa bogi. Da 'yan wasa suka ga suna ta fafatawa da wani abokin hamayya wanda ba a ganinsa, ba ya gajiya, ba ya kuskure, iska ba ta karkatar masa da ƙwallo, sai suka ce ai wannan shi ne dodon da ake faɗi, sunan kuwa ya bi shi. Daga nan al'adar ta kai ga kulob ɗin hafsoshin soja da ke Gosport, inda kowane ɗan kulob yake da muƙami, aka ga bai dace a shigar da baƙo cikinsu haka siddan ba tare da igiya ko tauraro ba. Aka yi shawara, aka ce wanda ba ya kuskure ai ya cancanci shugabanci, aka naɗa shi Kanar. Sunan Kanar Bogi ya shahara har a 1914 wani shugaban 'yan badujalar sojan Birtaniya, F. J. Ricketts, wanda ke sa hannu da sunan Kenneth Alford, ya tsara taken maci ya sa masa sunan wannan hafsa da ba a taɓa haifa ba. Shi ne taken da fursunonin yaƙi ke yi da fito a cikin fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957.

Sai dai girman duniya ba ya ɗorewa, ko ga wanda babu shi. Da aka ƙago ƙwallo mai cikin roba wadda ta fi ta da nisan tafiya, sanduna suka inganta, ƙwararru suka soma wuce Kanar a guje, Amurkawa kuma suka tsayar da ƙa'idar far bisa tsawon rami a 1911, sai adadin da ake kira bogi ya koma baya da bugu ɗaya. Yau in an ce mutum ya yi bogi, ana nufin ya zarce far da bugu ɗaya, watau ya gaza. In ya zarce da biyu a ce bogi biyu, da uku a ce bogi uku. Hafsan da aka naɗa don ba ya kuskure, da sunansa ake ƙidaya kuskure a yanzu, ba a kuma taɓa jin an karanta masa takardar rage muƙami ba.

Turawan Ingila dodo suka ba wasan, Amurkawa kuwa tsuntsaye. A ƙarshen ƙarni na 19, duk abin da ya ƙayatar, samarin Amurka sukan ce da shi tsuntsu. Sai wata rana a kulob ɗin Atlantic City, a jihar New Jersey, wani mai suna Ab Smith ya yi bugunsa na biyu a rami mai far huɗu, ƙwallon ta je ta tsaya dab da bakin rami, ya ce wannan bugu tsuntsu ne, ya kuma nemi abokan wasansa su yarda a riƙa ninka kuɗin da suka sa ga duk wanda ya gama rami da bugu ɗaya ƙasa da far. Kulob ɗin ya kafa allo a wurin mai ɗauke da shekarar 1903. Ta haka aka sami bardi, watau ɗan tsuntsu. Da ƙofa ta buɗe sai ƙiyasi ya yi aikinsa: in bugu ɗaya ƙasa da far ɗan tsuntsu ne, to biyu sai tsuntsu babba, aka ce mikiya, wadda dama ita ce tambarin ƙasarsu. Da aka zo kan uku sai saɓani ya auku tsakanin mazhabobin biyu. Mutanen Birtaniya suka zaɓi albatiros, wani tsuntsun teku mai fikafikan da buɗinsu kan wuce mita uku, wanda sunansa ya shiga Turanci daga Fotugisanci, shi kuma ya aro daga Larabci. Amurkawa suka ce a'a, sunansa mikiya biyu. Ko yaron da ke aji ɗaya ya san biyu sau biyu huɗu ne, ba uku ba, amma sun riƙe abinsu har yau, musamman tun ranar da Gene Sarazen ya yi irin wannan bugu a gasar Masters ta 1935, a rami na 15, daga nisan yadi 235, ya share ratar bugu uku da ke tsakaninsa da Craig Wood a lokaci guda, washegari kuma ya kayar da shi a wasan raba gardama.

Akwai ma mataki na huɗu, watau mutum ya gama rami mai far biyar da bugu ɗaya tal, abin da bai auku ba sai 'yan lokuta ƙalilan a tarihi. Wani mai suna Shaun Lynch ya yi shi a 1995 a Teign Valley ta Ingila, a rami mai yadi 496 wanda hanyarsa ta lanƙwashe, shi kuwa ya yanke ta sama. Wannan darajar da babu ta sama da ita a littafin mafi yawansu, sunanta kondo, kondo kuwa ba kowa ba ce face ungulun duwatsun Kudancin Amurka. Mutum ya yi abin da sarakunan wasan ba su taɓa yi ba, ladansa a kira shi da ungulu.

Mai lura zai ga cewa sunayen nasara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, dukansu masu tashi sama ne, kuma gwargwadon girman tsuntsu gwargwadon wuyar ganinsa. Sunayen kasawa kuwa ba su ƙirguwa, suna nan a ƙasa tare da mutane, rabinsu ma daga madafa aka ɗebo su. Malamin balaga da ke neman misalan kinaya da isti'ara zai cika kundi a yini guda. Ƙwallon da ta faɗa ramin yashi ta nutse rabi, yashin ya yi mata da'ira, sunanta soyayyen ƙwai, wanda ya taɓa ganinta kuwa ba zai nemi a yi masa sharhi ba, ga gwaiduwa a tsakiya ga farin a kewaye. Wadda ta tashi sosai sa'an nan ta lanƙwashe dama ta nufi daji, ayaba ce. Ciyawa mai duhu da ke haɗiye ƙwallo, kabeji ce ko alayyafo. Wadda aka so ta tashi ta ƙi, ta bi ƙasa da gudu tana tsaga ciyawa, mai ƙona tana. Wadda ta miƙe sama sak ta dawo kusa da inda ta tashi, mai kiran ruwa. Ɗan wasan da bugunsa na farko ya yi hagu, na biyu dama, na uku hagu, sai a ce yana golf ɗin soja, domin faretinsa ke nan. Wanda ya yini a ramukan yashi, ya tafi shaƙatawa bakin teku. Wanda ƙwallonsa ta maƙale a tsakiyar itatuwa babu mafita, yana kurkuku. Wanda ya rubuta 8 a rami ɗaya ya gina mutumin ƙanƙara, saboda lambar ta yi kama da dunƙule biyu na dusar ƙanƙara da yaransu ke ɗorawa kan juna da hunturu. Shimfiɗar ciyawa mai laushi da ke kewaye da rami dandalin rawa ce, wanda ƙwallonsa ta hau ta amma ta tsaya can nesa da tuta kuma sai a ce masa ya shiga dandali, sai dai ba ya jin kiɗa. Mafi tsananin duka shi ne bugun iska, inda mutum zai gyara tsayuwa, ya auna, ya ɗaga sanda, ya kawo ta da iyakar ƙarfinsa, ya ɗaga kai yana hangen nesa, alhali ƙwallon tana nan a gabansa ba ta ko motsa ba. Dokar wasa kuwa ta ce tun da ya yi niyya, a rubuta masa bugu ɗaya.

Filayen ma ba su tsira ba. A tsohon filin St Andrews na Sikotlan, wanda suke ɗauka uwar dukan filaye, akwai ramin yashi a rami na 14 da ake kira Jahannama, akwai wasu a na 13 da ake kira Akwatunan Gawa, akwai Hancin Shugaban Makaranta a na 16, akwai kuma wani kwari a gaban na 18 mai suna Kwarin Zunubi. Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan gasa 18, adadin da ba wanda ya kamo har yau, ya faɗa Jahannamar nan a gasar Birtaniya ta 1995, sai a bugu na huɗu ya fito, ya rubuta 10 a ramin. Kafin shi, a 1978, ɗan Jafan Tommy Nakajima, wanda ke cikin na gaba-gaba a gasar, ya hau dandalin rami na 17 da bugu biyu lafiya lau, ya lallaɓa ƙwallo zuwa rami, sai ta bi gangare ta gangara cikin wani ramin yashi mai zurfi. Ya buga ta dawo, ya buga ta dawo, sai a na huɗu ta fita, ya tashi da 9. Tun daga ranar ake yi wa wurin laƙabi da Yashin Nakajima. A Royal Troon akwai rami mai dandali ƙarami ƙwarai da ake kira Kan Sarki, a Oakmont ta Amurka akwai Kujerun Coci, a Augusta kuma, inda ake gasar Masters, marubuci Herbert Warren Wind ya raɗa wa ramuka na 11 da 12 da 13 suna Kusurwar Amin a 1958, sunan ya zauna daram, don kuwa wuri ne da ƙwarewa kan ƙare, a koma ga addu'a.

Duk da wannan sakin baki, akwai kalma ɗaya da ba sa son furtawa, ita ce shank, watau ƙwallo ta bugi wuyan sanda maimakon fuskarta, ta fice gefe kamar an harba ta kan 'yan kallo. Mutanen da suka yi digiri a jami'o'i, masu yi wa camfin wasu dariya, sun yi imani cewa wannan cuta tana yaɗuwa ta hanyar ambato, har sukan ce kalmar nan mai farawa da harafi kaza, su yi shiru. Ƙanwarta ita ce yifis, sunan da ake danganta ƙirƙirarsa ga Tommy Armour, gwanin da aka haifa a Sikotlan: hannun ƙwararre ya riƙa fizga ko ya sandare idan ya zo ƙaramin bugun da yaro ma zai iya. Likitoci suna danganta ta ga rikicewar jijiyoyin hannu haɗe da fargaba, ta kuma raba mutane da sana'arsu. Bajamushe Bernhard Langer ya yi fama da ita sau da dama, yana sauya yadda yake riƙon sanda, duk da haka ya ci Masters a 1985 da 1993. A nan dariyar takan yi ƙasa-ƙasa, domin kowa ya san gobe tana iya zama tasa.

Wanda yake son ganin yadda bogi uku yake a zahiri, to ya nemi labarin Bafaranshe Jean van de Velde a Carnoustie, a gasar Birtaniya ta 1999. Ya iso rami na ƙarshe, mai far huɗu, yana gaban kowa da bugu uku, ko shida ya yi kofi nasa ne. Bugun farko ya karkace dama, amma Allah ya kiyaye. Maimakon ya lallaɓa, sai ya nemi dandali daga nesa, ƙwallon ta bugi ƙarfen rumfar 'yan kallo ta dawo baya ta nutse cikin ciyawa mai kai gwiwa. Na uku ya faɗa rafin da ake kira Barry Burn. Sai ga mutumin nan, a gaban idon duniya, ya zauna ya cire takalma, ya cire safa, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ya gangara cikin ruwa ya tsaya, hannu a ƙugu, yana duban ƙwallo tana ƙara nutsewa, yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Daga bisani ya haƙura ya fito, ya karɓi tarar bugu ɗaya, na biyar ya faɗa yashi, na shida ya hau dandali, na bakwai ya shiga. Aka yi kunnen doki tsakanin mutum uku, Paul Lawrie, wanda ya wayi gari yana baya da bugu goma, ya tafi da kofin.

Akwai wani babi na wannan luga da nake ganin ya bambanta da sauran, domin waɗancan sunaye suna rufa wa kasawa asiri ne, waɗannan kuwa ha'inci suke yi wa kwalliya. Na farkonsu maligan: mutum ya ɓata bugunsa na farko, sai ya ajiye wata ƙwallo ya sake, a yi kamar na farkon bai auku ba. Ruwaya biyu ce ta fi shahara game da asalinsa, ɗaya ta jingina shi ga David Mulligan, wani ɗan Kanada mai harkar otal da ke wasa a Montreal a shekarun 1920, ɗaya kuma ga John Mulligan, mai kula da ɗakin sauya tufafi a wani kulob na New Jersey a shekarun 1930; abin da aka yi ijma'i a kansa shi ne babu shi ko kusa a littafin doka. Shugaban Amurka Bill Clinton ya yi suna wajen yawaita shi har 'yan jarida suka haɗa sunansa da kalmar suka ce biligan. Sai sandar ƙafa: doka ta iyakance sanduna 14 a jaka tun ƙarshen shekarun 1930, amma akwai ta goma sha biyar wadda ba a saye a kanti, ita ce ɗan yatsan takalmi da ake tura ƙwallo da shi daga gindin itace idan abokai sun juya baya. Akwai kuma mai ɓoye ƙwarewarsa domin a ƙara masa handikaf, watau rangwamen bugun da ake yi wa mai rauni don ya iya karawa da gwani, sa'an nan ranar gasa ya kwashe kyauta. Amurkawa suna kiransa mai buhun yashi, mutanen Ingila kuwa ba su tsaya kwana-kwana ba, ɗan fashi suke ce masa.

Gimi, wadda ma'anarta ba ni, ta fi su sarƙaƙiya, domin tana da fuska biyu. Idan ƙwallo ta tsaya dab da rami, abokin karawa yana da ikon ya ce an yafe, a ɗauka ta shiga, doka ma ta yarda da haka a karawar mutum da mutum. Amma tazarar da ake yafewa takan yi tsawo gwargwadon girman kujerar mai ƙwallon. Ko a Landan ko a Abuja, in shugaba ya fita wasa da na ƙasa da shi, ƙwallonsa ta tsaya taku uku daga rami, kafin ya sunkuya wani ya riga ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗauka, ai wannan ta shiga," shi kuma ya ɗauka ba musu, ya koma gida yana mamakin yadda hannunsa ya faɗa tun da aka ƙara masa girma. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ɗaya fuskar kuwa ita ce ta gasar Ryder ta 1969 a Royal Birkdale, lokacin da sakamakon karawar Amurka da Birtaniya ya rataya a kan bugun Tony Jacklin na Ingila, mai tazarar kamar ƙafa biyu; Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke masa alamar ƙwallonsa, don kada ya bar shi cikin haɗarin kuskurewa a gaban mutanen ƙasarsa, aka tashi 16 da 16. Kalma ɗaya ce, a can fadanci, a nan karamci.

Dalilin da ya sa nake tsananta wa wannan babi shi ne wasan kacokan a kan amana aka gina shi, kowa shi ke shaidar kansa. A gasar Amurka ta 1925, ƙwallon Bobby Jones ta ɗan motsa cikin ciyawa sa'ad da yake gyara tsayuwa, ba wanda ya gani sai shi, ya kira jami'ai ya ci kansa tarar bugu ɗaya. Wannan bugu ya jawo masa kunnen doki da Willie Macfarlane, wanda ya kayar da shi a raba gardama. Da aka yi ta yabonsa sai ya nuna rashin jin daɗi, yana ganin yabon daidai yake da a yabi mutum don bai fasa banki ba. Mutanen da ke alfahari da wannan ƙissa su ne kuma suka ƙago maligan da sandar ƙafa, ɗan Adam ke nan.

In an gama ramuka 18 sai a nufi na 19, wanda ba rami ba ne, ɗakin shaye-shayen kulob ne, inda bugun da ya yi yadi 200 da safe yakan kai 300 kafin magariba. A can aka haifi tatsuniyar cewa ramukan sun zama 18 ne don kwalbar barasar Sikotlan kurɓi 18 take yi, maganar da ba ta da isnadi: da can St Andrews ramuka 22 gare ta, a 1764 aka haɗe wasu gajeru suka koma 18, sauran filaye suka yi koyi. Haka nan zancen cewa haruffan golf taƙaitawa ce ta jimlar da ke hana mata shiga, ƙage ne, domin kalmar ta girmi irin wannan taƙaitawa da ƙarnoni, malaman luga kuma suna danganta ta ga kalmar mutanen Holan mai ma'anar kulki. A can ne kuma ake zartar da wata al'ada mai ban mamaki, cewa wanda ya shigar da ƙwallo rami da bugu ɗaya shi zai sayi abin sha ga duk wanda ke wurin. A Jafan hidimar takan kai ga walima da rabon kyaututtuka, har kamfanoni suna sayar da inshorar da za ta ceci mutum idan wannan sa'a ta afka masa. Wani lokaci ma ba a rarrabe raharsu da gaskiyarsu: a 1940, jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a Landan, kulob ɗin Richmond ya fitar da dokokin wucin gadi waɗanda suka halatta wa ɗan wasa ya nemi mafaka ba tare da tara ba, amma wanda fashewar bom ta ɓata wa bugu, in zai sake, sai ya biya tarar bugu ɗaya.

Mu ma nan ƙasar mun ba da gudummawarmu. Turawan mulki da na haƙar kuza sun kafa filaye a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, inda na Rayfield ke ƙidaya shekarunsa daga 1913, amma da rani ya nuna musu cewa shimfiɗar da suke kira girin, watau kore, ba za ta rayu ba, sai suka koma ga yashi da aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, ana share wa ƙwallo hanya kafin a buga, suka kira shi burawun, watau ruwan ƙasa. A wannan karon dai sun kira abu da sunansa.

Saura kalma ɗaya wadda babu wasa a cikinta. A zamanin da ake ɗinka ƙwallo da fata a cusa mata dafaffen gashin dinya, gwanin maɗinki ba ya wuce uku ko huɗu a yini, tsadarta ta sa akan tura yaro gaba ya lura da inda za ta faɗi, mafi rinjayen ruwaya kuma ta ce daga kiran da ake yi wa wannan yaro aka sami ihun da suke yi har yau, fo. Ƙwallon ƙwararre takan bar sanda da gudun da ya wuce kilomita 250 a sa'a, ta kuma fasa kai ta tsiyayar da ido. Saboda haka, ya kai mai karatu, in hanya ta bi da kai ta gefen filin golf ka ji an ƙwala wannan kira, kada ka ɗaga kai neman inda ya fito. Ka juya baya, ka duƙa, ka rufe kanka da hannu biyu.